Sirrin da ke Cikin Fatar Jar Akuya: Daga Majema zuwa Ɗakin Bincike

 Ga waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba, ga rubutun shirin nan kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau hirarmu a kan fata take. E, fatar nan dai da ake yasarwa a bayan gida ranar babbar Sallah, ƙudaje na binta. Akwai lokacin da masu kuɗin Turai ke alfahari da littafin da aka yi wa bango da abin da suke kira fatar Maroko. Da yawa daga cikin wannan fata kuwa ba akuyar Maroko ba ce, jar akuyar ƙasar Sakkwato ce, wadda ake kiwo daga Sakkwato zuwa Zamfara, Katsina, Kano har Maraɗi. Sunan Maroko ya bi ta ne saboda ta tashoshin Arewacin Afirka take shiga Turai. To tambayar ita ce, me ke cikin wannan fata da ya sa aka yi ta ɗaukarta a bayan raƙumi ana ratsa Sahara da ita? Amsar tana cikin wani abu da ke jikin akuyar, yana kuma jikina da jikinka.

Mu fara da jikin kansa. A makaranta an koya mana cewa jiki ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka gina shi. Gaskiya ne, amma ba a ƙarasa mana zancen ba. Ka dubi katangar ƙasa irin ta dā a tsohon garin Gusau ko Bunguɗu. Akwai tubali, amma tubali kaɗai ba ya tsayawa, sai da kwaɓaɓɓiyar laka da aka tattake da ciyawa ta riƙe shi. Haka jiki yake. A tsakanin ƙwayoyin halitta akwai wani kwaɓi da su kansu ƙwayoyin suke fitarwa su zauna a cikinsa. A shirin nan za mu kira shi saƙar tsakani. A wasu sassan jiki, kamar hanta, ƙwayoyin ne suka fi yawa, saƙar kaɗan ce. Amma a fata da jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da guringuntsi da ƙashi kansa, saƙar ce mai gida, ƙwayoyin 'yan tsiraru ne a warwatse. Waɗannan sassa su masana ke kira nama mai haɗa jiki.

Saƙar nan kayan haɗinta manya guda uku ne. Na farko zare mai ƙarfi da ake kira kolajin. Shi ne furotin mafi yawa a jikin mutum da dabba, ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na duk furotin ɗin jiki. An gano irinsa wajen 28, amma iri na farko shi ya mamaye fata da jijiya da ƙashi. Yadda aka gina shi kamar igiya ce mai tufka uku: sili uku ne suka murɗe da juna, sannan dubban irin waɗannan suka jeru suka zama zare, zaruruwa suka haɗu suka zama dami. Na biyu shi ne ilastin, zare mai talewa kamar roba, wanda ke sa in ka ja fatar bayan hannunka ka saki ta koma. Ka gwada a hannun jaririn gidanku, ka gwada a hannun kaka, za ka ga bambanci. Na uku wani ruwa ne mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, wanda aka yi da dogayen sarƙoƙin sukari haɗe da furotin. Aikinsa riƙe ruwa. Shi ke sa fatar mai rai ta yi taushi, shi ke sa guringuntsin gwiwa ya ɗauki nauyinka in ka yi tsalle, shi ne kuma hanyar da abinci ke bi daga jini ya isa ga ƙwayoyin halitta.

Abin mamakin shi ne, kayan haɗin kusan ɗaya ne, tsarin jerawa ne ke bambanta aiki. A jijiyar agara zaruruwan sun miƙe sambal gefe guda, shi ya sa take jure ja, shi ya sa ma al'ummomi da yawa suka yi tsarkiyar baka da jijiyar dabba. A fata kuwa sun sarƙe ta ko'ina kamar tabarma, ta yadda ko ta ina ka ja ba ta saurin yagewa. A ƙashi, an zuba wa zaren ma'adinin kalsiyam da fosfet ya daskare. In kana son ka gani da idonka, jiƙa ƙashin kaza a ruwan kal na 'yan kwanaki. Ma'adinin zai narke, ƙashin ya riƙa lanƙwasuwa, abin da ya rage kolajin ne. In kuma ƙona shi ka yi, kolajin ɗin ne zai tafi, ƙashin ya zama mai rugurgujewa a hannu. Ko farfesun ƙafar saniya da ke daskarewa in ya kwana lokacin sanyi, kolajin ne zafi ya warware tufkarsa ya narke cikin romo.

Idan ka ji ciwo, ƙwayoyin da ke saƙa wannan zare su ke rugowa wurin su cike ramin. Sai dai saƙar gaggawa ba ta kai ta asali kyau ba, ita ce tabo. Tsagar gado da wanzamai ke yi a fuska, wadda ake gane Bazamfare ko Bagobiri da ita, tabon kolajin ne. Kuma masaƙan nan ba sa iya ƙulla zare mai ƙwari sai da bitamin C. In babu shi dasashi ya riƙa jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon ciwo ya buɗe. Wannan cuta ta kashe matuƙan jiragen ruwan Turai masu ɗimbin yawa, har a 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya raba marasa lafiya 12 gida shida, ya ga waɗanda ya ba lemo su suka farfaɗo.

To yanzu mu shiga majema. Fatar da aka feɗe yanzu-yanzu, wajen kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari ruwa ce, sauran mafi yawansa kolajin. In ka bar ta haka, ƙwayoyin cuta za su cinye ta ta ruɓe. In ka shanya ta kawai, ruwan yauƙin nan zai bushe ya manne zaruruwan, ta ƙandare kamar faranti. Matsalar da majemi ke warwarewa ke nan: yadda zai fitar da komai daga cikin fata ya bar saƙar kolajin kaɗai, sannan ya hana ta ruɓewa ba tare da ta ƙandare ba.

Ga yadda majeman ƙasar Hausa ke yi tun kaka da kakanni. Da farko a jiƙa fata ta yi laushi. Sai a tsoma ta a ruwan toka, daga baya aka riƙa haɗawa da farar ƙasa. Kaifin tokar yana sassauta gashi da fatar sama, ya kumbura zaruruwan su buɗe. Sai a shimfiɗa ta a kankare gashi da ragowar nama da wuƙa. Daga nan a sa ta a ruwan kashin tattabara, wasu kuma su yi amfani da tsiron fataka. Mai kallo zai ce ƙazanta ce, amma a cikin ruwan nan akwai sinadarai masu narkar da furotin, waɗanda ke cinye tarkacen da ke tsakanin zaruruwa su sassauta ilastin, su bar kolajin. Nan ne gwaninta take. In aka cire da wuri fata ta yi tauri, in aka bari ta wuce lokaci su fara cin kolajin ɗin kansa. Majemi da yatsansa yake gane lokacin.

Sai babban aiki, wato bagaruwa. A daka 'ya'yanta a jiƙa, a tsoma fata ana juyawa ana murzawa. Bauri ɗin nan da ke kama maka baki in ka tauna bagaruwa ko ɗanyen goro, wani sinadari ne da ake kira tanin, kuma ɗabi'arsa ce ya kama furotin. Abin da yake yi wa harshenka shi yake yi wa fata. Yana shiga tsakanin zaruruwan kolajin ya maye gurbin ruwa, ya ɗaure su, ya lulluɓe su yadda ƙwayoyin cuta ba za su sami wurin ci ba. Ɗanyen kolajin yana tsukewa ya lalace in zafin ruwa ya kai wajen digiri 60 zuwa 65, amma wanda ya sha tanin sai an haura 70 zuwa 80. Bayan nan a shafa mai, kamar man gyaɗa, don zaruruwa su riƙa zamewa a kan juna, a ja ta a murza har ta yi laushi. Launin ja kuma daga karan dafi ake samunsa. Wannan bagaruwa ita Larabawa ke kira ƙaraz, kuma sunanta ya zo a hadisin da ke magana a kan jeme fatar mushe, ka ga ke nan sana'ar ta daɗe.

Me ya sa jar akuya ta yi fice? Saƙar fatarta a matse take, zaruruwan sirara ne kuma a cushe, ba kitse da yawa a tsakaninsu, ramukan gashinta ƙanana ne a jere. Saboda haka ana iya fere ta ta yi siriri ba ta rasa ƙarfi ba, fuskarta kuma ta fito da kyau in ta sha rini. Masu yi wa littafi bango a Ingila har suna suka ba ta, suna ce mata fatar Neja, da sunan kogin Kwara a bakinsu, kuma sun san ta da daɗewa ba ta rugurguje ba.

A gida kuwa, kusan babu ɓangaren rayuwa da fata ba ta shiga ba. Gugan rijiya, salkar matafiyi, buzun malam, kuben takobi, kayan doki, takalmi, laya, fuskar ganga da kalangu. Gafakar da ake adana Alƙur'ani da littattafai aikin dukawa ce, don haka gari irin 'Yandoto da ke kusa da Tsafe, wanda ya shahara da malamai tun kafin jihadi, ilminsa a cikin fata ake ajiye shi. Akwai kuma tandu, wanda ba jeme shi ake yi ba. Jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata ake mannawa a jikin sifar yumɓu, in ta bushe a fasa yumɓun a zazzage. Wato ƙandarewar da majemi ke gudu, ita mai tandu ya mayar sana'a. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya iso Kano a farkon 1824 kafin ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ga ana wannan aiki ya rubuta shi, har ya ce ana zuba man shanu da zuma a ciki.

Bayansa Heinrich Barth, Bajamushe, ya zo Kano a 1851. A lissafin da ya yi na kayan da birnin ke fitarwa, ya ambaci takalma da jemammun ƙiraga da jajayen fatun da aka rina da ruwan karan dawa, waɗanda ake kaiwa har Tarabulus. Hanyar ita ce ta Agadas, Gat, Gadamas, sannan bakin teku. Abin lura a nan shi ne, abin da ke fita jemammiyar fata ce, rinanniya, wani lokaci ma ɗinkakkiya. Ladan kiwo, ladan jima, ladan rini da ladan ɗinki duk a gida suke zama.

Zuwan Turawa ya juya akalar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fataucin Sahara ya fara mutuwa, kaya suka koma bin Ikko. A ƙarshen shekarun 1920 aka ja reshen dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa, Tsafe da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Wannan dogo shi ya ɗaga Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ya zama babbar cibiyar sayen auduga da gyaɗa da fata, inda kayan ƙauyuka da garuruwa irin su Bunguɗu ke taruwa kafin a loda su. Kamfanonin Turawa kamar John Holt da UAC da Ambrosini sun shiga cinikin fata a Arewa. Sai dai abin da masana'antun Turai suka fi so yanzu ɗanyar fata ce busasshiya, su jeme da kansu. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa ma'aikata suna koya wa mahauta fiɗa ba tare da yanka fata ba, da shanya ta a rataye a inuwa maimakon a ƙasa cikin rana. Shawarar daidai ce a ilmance, domin rana mai zafi tana dafa kolajin ɗin jiƙaƙƙiyar fata, waje ya bushe ciki ya ruɓe. Amma manufar ita ce a kai musu kaya mai kyau, ba a ɗaga majemin gida ba.

Dalilin da ya sa suka daina buƙatar bagaruwarmu shi ne wani sabon salon jima. A 1884 wani mutum a Amurka mai suna Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da gishirin kuromiyam. Wannan sinadari yana ƙulla zaruruwan kolajin da ƙarfi har fata ta jure tafasasshen ruwa, kuma aikin yana da sauri. Yau mafi yawan fatar duniya da shi ake jeme ta.

Duk wannan ana yi ba wanda ya san ainihin sifar zaren. Sunan kolajin ma daga kalmar Girkanci mai nufin manne aka samo shi, don abin da aka sani kawai shi ne in ka dafa fata da ƙashi kana samun gam. A 1934 Karl Meyer da John Palmer suka ware ɗaya daga cikin sinadaran ruwan yauƙin nan daga idon saniya, wanda yanzu 'yan mata ke gani a jikin kwalaben man shafawa da sunan hayaluronik. Sai a 1954 wani masani ɗan Indiya, G. N. Ramachandran, tare da abokin aikinsa Gopinath Kartha, suka bayyana cewa kolajin tufka uku ne. A birnin Madaras suka yi aikin, kuma samfurin da suka auna sun same shi ne ta hannun cibiyar binciken fata ta Indiya da ke birnin. Ku lura da wannan da kyau. Ƙasa ce da ba ta daɗe da samun 'yanci ba, ta haɗa majema da jami'a, sai ga ta da binciken da duniya ke karantawa har gobe.

Mu ma muna da irin wannan cibiya. A Samarun Zariya akwai NILEST, wadda asalinta ya faro tun 1964 a matsayin wurin horar da ma'aikatan fata. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi da ke nazarin jar akuya, a Maraɗi ma akwai cibiyar kiwonta. A Kano akwai manyan masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa da Bompai, ga kuma majemar gargajiya a cikin birni. Amma har yau babban kason fatar awaki da tumakinmu yana fita ne a matsayin kayan da ba a ƙarasa ba, a kai Italiya ko Sifen a mayar da shi jaka da takalmi, a buga masa sunan can. Jiya an kira ta fatar Maroko, yau ana kiranta fatar Italiya. Akuyar dai ita ce.

Fatar shanu kuma tukunya ce ke cinye ta. Ganda ta zama babbar kasuwa, musamman a Kudu, har a 2022 shugabannin NILEST suka yi maganar neman dokar hana cin ta, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Gaskiyar ilmi a nan ita ce, ganda furotin ce, amma ba cikakkiya ba, domin kolajin ba shi da ɗaya daga cikin tubalan furotin da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa. Ba za ta maye gurbin nama ko wake ko ƙwai ba. Wadda aka babbake da tayar mota kuwa, guba ake ɗora mata. Amma mahaucin da ke sayar wa mai ganda ba laifi ya yi ba, inda farashi ya fi nan ya kai. Wanda ke son fata ta je majema sai ya biya abin da ya fi na tukunya.

A Zamfara akwai ƙarin ciwo. Jihar da aka ƙirƙira a 1996 da taken noma, satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa mata garkuna da ƙauyuka. A watan Satumba na 2021 har kasuwannin mako-mako aka rufe, aka hana safarar dabbobi. In makiyayi ya gudu, mahauci ya rasa, mai sayen fata ya rasa, majemi ya rasa, baduku ya koma ɗinka roba. Kuma ilmin majemi ba a littafi yake ba. Tsawon lokacin da fata za ta yi a ruwan toka, da ranar da za a tsame ta daga kashin tattabara, a yatsun dattijo suke. In ya rasu ɗansa yana acaɓa a Gusau, shi ke nan an rufe wannan babin.

To me ya rage gare mu? Abu na farko mai sauƙi ne, kuma kowa zai iya. Ranar Sallah, a sami wanda ya iya fiɗa, don kowane yankan wuƙa yanke saƙar kolajin ne da ba ya ɗinkuwa, kuma yana karya darajar fata. Kada a bar ta a dunƙule cikin jini, domin cikin 'yan awoyi ƙwayoyin cuta ke fara aiki a zafin ƙasarmu. A kankare kitse, a zuba gishiri sosai a ɓangaren nama, a ajiye a inuwa, a kai wa masu saye ko masu tattarawa da wuri. Na biyu, ɗalibanmu da ke karanta kimiyyar sinadarai da ta halittu a Jami'ar Tarayya ta Gusau da sauran makarantu, ga aikin bincike a ƙofar gida: ku je wurin majema da dukawan garinku, ku zauna da su da ladabi, ku rubuta matakan aikinsu, ku auna abin da suke aunawa da ido. Kasuwar duniya tana komawa neman fatar da aka jeme da tsiro saboda dattin da kuromiyam ke zubarwa a ruwa, mu kuwa bagaruwa a bakin hanya take zuba.

Nan za mu dakata a yau. Wanda a gidansu ko unguwarsu akwai majemi ko baduku da har yanzu ke aiki, a Gusau ne, Tsafe, Bunguɗu ko wani gari, ya faɗa mana yadda suke yi a wajensu da sunayen da suke kiran kowane mataki, domin kalmomin sukan bambanta daga gari zuwa gari. Ku tura wa abokanku su ma su karanta. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.